Kofin Shinkafa a Injin Burodi

Burodi na huɗu ma ya lotsa. Pak Baharom ya ɗaga murfin injin, tururi ya rufe masa gilashin ido, da ya goge sai ya ga abin da ya gani jiya da shekaranjiya: gefe ya tashi, tsakiya ta rufta, rami har a ajiye ƙwai biyu a ciki. Ya danna da yatsa, ya ji danƙo. Ya juye shi a jarida, ya bi ta ƙofar baya a hankali, ya watsa wa kajin maƙwabta ta saman shinge. Su ma kajin yau sai da suka yi shawara kafin su matso.

Shekararsa saba'in da ɗaya, talatin da huɗu daga ciki a gidan waya na Taiping ya yi su, kuma a duk tsawon rayuwarsa abu ɗaya ya iya dafawa, shinkafa. Wannan kam ya iya, ba a ja da shi. Sauran duk abin da ya shafi kicin na matarsa Rogayah ne, kuma da tana lafiya ko cokali ya ɗauka sai ta tambaye shi ina zai kai.

Wata uku ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, magana ma ta bi su, sai 'yan kalmomi da take tsamowa da ƙyar. Da aka sallamo ta daga asibiti ta riƙe rigarsa da hannun hagu a cikin mota, ta ƙi saki har gida, shi kuma ya ce mata ba za ta koma ba. Ya faɗa ne don ta saki rigar, amma ta ji, kuma shi ma ya ji kansa.

Sai ga shi ta daina ci. Faten shinkafa cokali uku ta kau da kai. Miyar kaza ta rufe baki. Nas Devaki da ke zuwa duk Alhamis da sikelinta ta ja shi baranda makon da ya wuce ta ce masa, "Pak, ba zan ɓoye maka ba. In na dawo na tarar ta ƙara raguwa, sai an kwantar da ita an zura mata robar abinci ta hanci. Ba mugunta ba ce." Yau Talata.

Burodi ne kawai ya rage bai gwada ba. Shekara goma sha biyu Rogayah tana yin nata a wannan injin, da madarar kwakwa da ruwan wani ganye mai ƙamshi da ake kira pandan, ya fito kore-kore mai laushi, ta shafa masa serikaya, wato haɗin ƙwai da kwakwa da sukari, ta ci da baƙin kofi. Ya fara sayo na kanti. Ta kalli burodin, ta kalle shi, har ya ji kunya ya ɗauke faranti. Shi ne ya jawo injin daga ƙarƙashin kanta, ya nemo ɗan littafinta mai tabon mai, ya rufe ƙofar kicin don kada ta ga abin kunya.

Wayarsa ta yi ƙara. Norlela ce, 'yarsu tilo, daga ofishinta a Kuala Lumpur.

"Abah, yaya na yau?"

"Kaji sun gode."

"Ƙila yis ɗin ne ya mutu."

"Jiya na sayo shi. In ya mutu to a hanya ya rasu, ba a gidana ba."

"Gishiri fa? An ce kada ya taɓa yis."

"Na raba su. Ɗaya gabas ɗaya yamma, ko gaisawa ba su yi ba."

"Ka danna maɓallin da ya dace kuwa? Na ɗaya, ba na kek ba?"

"Lela, na yi shekara talatin ina raba wasiƙu, na san lamba ɗaya."

Ta yi dariya kaɗan, dariyar ta mutu. "Abah, in jibi nas ta ce asibiti, don Allah kada ka yi gardama. Na san ka yi mata alkawari. Amma gara ta yi fushi da mu tana raye."

Ya ce ya ji. Bai ce ya yarda ba, ita ma ta lura, ta kashe wayar ba tare da ta matsa ba.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga kan tsauni. A Taiping ba a tambayar ko za a yi ruwa, ƙarfe nawa ake tambaya. Ya kwashe shanya, ya leƙa ɗaki ya ga Rogayah kwance ta juya fuska bango, ya koma kicin ya ja ƙofa. Ya buɗe littafin a karo na biyar. Rubutunta ne ƙanana masu karkata: fulawa kofi uku, sukari cokali uku, gishiri, yis, man shanu, madarar kwakwa da pandan. Daga ƙasa kuma ta rubuta: ruwa, a duba yanayin ranar. Wannan layin ne yake ci masa rai. Wane irin awo ne wannan? Mace ta yi shekara goma sha biyu tana abu, ta kasa rubuta lamba ɗaya saboda bayin Allah.

Yana cikin wanke tukunyar injin ya ji ƙwanƙwasa. Cokali ne ake bugawa a ƙarfen gado, abin da suka saba in tana son a juya ta. Ya goge hannu ya tafi da sauri.

"Gayah, ban ɗaki?"

Ta girgiza kai.

"Ruwa? Bayanki ne? In ƙara fanka?"

Ta ɗaga cokalin ta nuna ƙofa, ta ja hanci sau biyu, irin na mai shinshina. Sai a lokacin ya gane wautarsa. Kwana huɗu yana rufe ƙofa, sai ka ce ƙamshin burodi yana neman izini kafin ya zaga gida. Tana nan kwance tana jin injinta yana juyi, tana jin ana buɗe ƙofar baya, tana jin kaji.

"Ba abin kallo ba ne," ya ce. "Ki bari in ya yi kyau in kawo miki."

Ta buga cokalin da ƙarfi, sau ɗaya.

Ya ɗauke ta, ba nauyi, ya sa a keken guragunta. Ya turo ta ta falo har bakin kicin. Rabonta da wurin tun safiyar da ta faɗi. Ta bi ko'ina da ido: tukwanen da ya rataye ba a muhallinsu ba, tsumman da ya bari a kan murhu. Bai taɓa jin tsoron mai duba aiki a gidan waya kamar yadda ya ji yanzu ba.

"To ga ni, Malama. Kalli."

Ya buɗe bokitin shinkafa ya zaro ɗan kofin roba da ke ciki, wanda ya zo da tukunyar shinkafa ta lantarki, ya auni fulawa sau uku, kowanne ya share bakinsa da yatsa yadda ya kamata. Ya zuba a tukunyar injin ya baje. Ya kawo madarar kwakwa ya tsiyaya a kai, ya bi da ruwa, sannan ya tsoma manuninsa har ya taɓa saman fulawar, ya duba. Ruwan bai kai gaɓar farko ba, inda yake kai shi in zai dafa shinkafa. Ya ƙara.

Wani sauti ya fito daga bayansa. Ya juya a firgice, ya zaci shaƙewa ta yi. Rabin fuskarta mai motsi ya yamutse, kafaɗarta tana rawa, hawaye na bin kunci. Dariya take yi. Wata uku bai ji ta ba, kuma ta fito a karkace, amma ita ce.

"Shin... kafa," ta ce. Ta nuna shi da cokalin, ta kira shi yadda take kiransa tun aurensu. "Abang. Shinkafa."

"To da me ake aunawa? Kofi kika rubuta. Kofi nawa ne a gidan nan?"

Ta nuna ɗakinta. Ya je ya dawo da filo, ta girgiza kai. Ya kawo carbi, ta rufe ido don takaici. A zuwa na uku ya tsaya ya dubi teburin gefen gado, ya ga kofin roba mai layi-layi da yake ba ta ruwan shan magani da shi. Tun dawowarsu ya tsince shi a kicin, ya ɗauka daga asibiti aka ba su. Ya kawo, ya ajiye shi kusa da na shinkafa. Ashe shi ne kofin injin, kuma ya fi na shinkafar girma nesa ba kusa ba. Wato duk kwanakin nan fulawarsa ba ta cika ba, ga kuma ruwa da yake malalawa har gaɓar yatsa, ga damina. Abin da yake kwaɓawa ya fi kusa da kunu.

Ya zubar, suka faro daga farko. Ita ke da cokali, shi ke da hannu. Ruwa ne ke fara shiga, ashe, fulawa daga baya. In ya yi daidai ta yi shiru, in ya kauce ta buga hannun keken. Da ya zo kan ruwa ta dubi taga inda ruwan sama ke zuba, ta sa ya rage kusan cokali biyu daga layin. Ya danna lamba ɗaya, injin ya fara juyi, ya kai hannu zai tura ta ɗaki. Ta buga.

Bayan minti goma ta sa ya buɗe murfin, abin da shi bai taɓa yi ba don yana ganin haramun ne. Ya matso da keken, ya kama hannunta na hagu ya kai cikin tukunyar. Ta taɓa ƙullun, ta ɗago yatsa, ya biyo ta. Ta nuna fulawa. Cokali ɗaya. Suka jira. Ta sake taɓawa, ta sake nunawa. A na uku ƙullun ya dunƙule sumul yana zagaye, ta dangwala yatsa ya fito fes. Ta kama nasa yatsan, wancan dai na shinkafa, ta danna shi a jikin ƙullun ta riƙe, don ya ji yadda ake so.

"Na ji," ya ce.

Awa uku ta ƙi komawa gado. Ta yi gyangyaɗi a keken, ta farka, ta sa ya mayar da tukwane inda suke zama. Ya yi la'asar a falo ya dawo ya same ta tana leƙen 'yar tagar murfin. Duk wata ukun nan yana yi mata wanka, yana juya ta, yana ƙirga mata ƙwayoyi, amma ko sau ɗaya bai tambaye ta yadda ake yin wani abu ba. Da ya tuna haka sai ya ji ya yi mata laifi, ko da yake bai san sunan laifin ba.

Injin ya yi kuka wajen biyar da rabi. Burodin ya fito da kai a tashe, ya ɗan karkata gefe ɗaya, amma bai rufta ba. Ya ɗauko wuƙa nan take, ta buga, sai da ya huce. Sannan ya yanka, cikin kore-kore, ya shafa serikaya, ya gutsuro ɗan ƙarami ya tsaya a kanta ya kai bakinta.

Ta rufe baki ta kau da kai.

Ya tsaya da gutsuren a hannu, yana ganin sikelin Nas Devaki, yana ganin robar. Ba shi da wata dabarar bayan wannan.

"Gayah, don Allah. Jibi ne fa."

Ta ajiye cokalin. Ta miƙa hannu ta kama wandonsa a ƙugu, inda ya ƙara huda bel sau biyu da ƙusa, ta girgiza shi ya yi lako-lako. Sannan ta nuna kujerarsa ta teburin cin abinci, wadda tun dawowarta ya tara mata magunguna da takardun asibiti a kai. Shi a tsaye yake cin 'yar shinkafarsa a bakin wurin wanke-wanke, in ya tuna.

"Zauna," ta ce.

Ya kwashe takardun ya ajiye a ƙasa. Ya zauna. Ta turo masa farantin da bayan hannu, ta tsare shi da ido har ya ɗauki yanki ya gatsa, ya tauna, ya haɗiye. Sai da ta ga ya kai na biyu baki sannan ta ɗauki nata da hannun hagu, serikaya na ɗiga a zaninta. Ya yunƙura zai taimaka, ta harare shi, ya koma ya zauna.

Ta cinye yankin. Ta huta tana numfashi, ta dubi burodin, ta dubi wuƙar.

Ya yanka biyu.