Lebura Mai Kunnen Kafinta

Foman, wato shugaban ma'aikatan gini, bai taɓa ganin mai taurin kai irin mijin yayarsa ba, kuma ya sha faɗa masa haka ido da ido, tunda akwai wasa tsakaninsu. Mutumin kafinta ne, ya fi shekara ashirin yana kafa katakon da ake zuba kankaren bene a kai. Bara ya kai ƙarar wani ɗan kwangila wurin masu duba gini, don ya ƙi sayo isasshiyar gorar da za a tokare katakon da ita. Aka ci ɗan kwangila tara, shi kuwa kafinta sunansa ya shiga baƙin littafi. Littafin ba mai ganinsa, ta waya 'yan kwangila ke miƙa wa juna sunaye, amma duk ginin da ya je sai a ce masa an cika.

Wata takwas yana zaune yana gyaran kujerun maƙwabta. Matarsa ba ta kai wa kowa kuka ba, sai dai ranar da foman ya ziyarce su ya ga babu keken ɗinkinta a ɗakin. Abin ya tsaya masa a rai. Ya shigar da kafinta ginin da yake lura da shi a matsayin lebura, da sunan wani ɗan'uwansu da ya koma gona.

"Yaya, ka ja kwalkwalinka ƙasa, ka ɗauki kwanonka, ka ɗinke bakin nan," in ji shi. Kafinta ya yi alkawari.

Kwana tara yana dakon yashi bai ce uffan ba. Amma hali zanen dutse. Ranar zuba kankare, inji na kwaɓawa, leburori sun hau sama, sai foman ya hango shi a ƙarƙashin katakon yana ƙwanƙwasa kowace gora da bayan yatsa kamar mai zaɓen kankana. A kusurwa ya tsaya, ya sake ƙwanƙwasawa, ya kara kunne. Foman ya matso kusa da shi.

Kafinta ya gaya masa a hankali cewa gora shida ƙwari sun cinye cikinsu, kuma mutum tara ne a samansu. Foman ya roƙe shi ya bari ɗan kwangilar wannan ginin ya tafi tukuna, sai a san dabara. Shi kansa ya san dabarar ba za ta riga kankaren zuwa ba. Kafinta ya dube shi ba tare da fushi ba, ya cire kwalkwalinsa, ya je ya kashe injin da hannunsa.

Ɗan kwangila ya taso yana faɗa, yana ganin fuskar ya gane ta. Kafinta ya ari guduma ya buga wa gorar kusurwa sau ɗaya, ta tsage, gari ya zubo daga cikinta. Leburorin nan ba wanda ya ce su sauko, da kansu suka yi ta dirowa.

Wannan bai hana a kori kafinta ba. Ɗan kwangila ya tambayi wanda ya shigo da shi, kafinta ya fara cewa shi ya yaudari kowa da sunan aro. Kunya ta lulluɓe foman, ga mutum an karɓe masa abinci sau biyu, kuma yana ƙoƙarin rufa wa wani asiri.

"Ni na kawo shi, Yallaɓai," ya ce. "Mijin yayata ne, kuma gaskiya ya faɗa."

Tare suka ajiye kwalkwali wurin mai gadi. Sun yi nisa a titi kafin foman ya ce, "To Yaya, wa zai gaya mata mun zama mu biyu marasa aiki?"

"Kai za ka shiga gaba," in ji kafinta. "Ni ta riga ta saba."