Kuɓewar Inna a Glenwood

Ni da hannuna na buɗe wa 'yata Sumaiya shafin intanet ɗin, don ta bar ni in sarara. Hutun makaranta ya kawo kai a ƙarshen Maris, ni kuma kullum ina sito a titin Wendover ina ɗaga kwalaye, wa zai zauna yana yi wa 'yar shekara takwas tatsuniya? Na samo mata shafukan yara na intanet, wani na tsuntsaye, wani na taurari, sai wani na shuka. Na shukar nan shi ta liƙe wa. Wata tsutsa ce mai hula take koya wa yara yadda iri ke tsirowa.

Babana, Alhaji Ɗantala, ya zo mana nan unguwar Glenwood, a ƙasar Turawa, daga Funtuwa bayan rasuwar mahaifiyata, Inna. Bai taho da komai nata ba sai irin kuɓewarta, ƙulle a bakin wani tsohon kallabinta. Doguwar kuɓewa ce mai yauƙi, Inna ta gaje ta wurin uwarta, kuma ragowar ke nan a duniya, don tuni aka yi gini a bayan gidan da take shukawa.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ɗumi, Baba ya fito ƙofar baya ya shaƙi ƙamshin ƙasa, fuskarsa ta washe. Rabona da ganin haƙoransa tun kafin rasuwar.

"Rakiya, samo mini fartanya. Shuka ta yi."

Sumaiya ta taho da gudu riƙe da tablet, tana haɗa Hausarta mai ƙafa ɗaya. "Baba Alhaji, ba yanzu! Sanyi zai dawo. Tsutsa ta ce a jira."

"Wa ya ce?"

"Tsutsa."

Baba ya yi dariya har da tari. "Ikon Allah! Na tsufa ina noma, yau tsutsa mai hula ce malamata."

Na sa baki. Na ce Baba, nan ba Funtuwa ba ce, garin nan munafuki ne, yau zufa gobe rigar sanyi. Ya ce ruwan farko ruwan farko ne ko a ina, haka ubansa ya yi, haka Inna take yi. Na san halin ubana, in ya kafe ko da mota ba a jan sa. Raina ya ɓaci, na ɗauki makullina na tafi aiki.

Da na dawo na tarar da Sumaiya ta kumbura baki. Ashe ta cika kofin roba da ƙasa, yadda shafin ya nuna, ta roƙe shi ƙwaya uku kacal ta shuka a taga cikin ɗaki. Ya hana ta. Wai iri ba abin wasan yara ba ne, balle na Inna. Ya shuka shi duka a bayan gida, ya karkaɗe kallabin.

Kuma wallahi suka fito! Layi biyu, kore shar. Kullum bayan asuba Baba na tsugune a kansu yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, ni dai na san da wa yake hira. Har ya fara tsokanar Sumaiya: "Ina malama tsutsa? A gaishe ta."

Sai ga wata safiyar Afrilu, na fito na ga gilashin motata ya yi fari fat. Na zagaya baya ko takalmi ban sa daidai ba. Raɓa ta daskare a kan komai. Kafin hantsi ganyen sun yi baƙi sun kwanta kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Baba ya bi layin yana tona gindinsu da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa wani ya tsira. Babu ko ɗaya.

Na so in yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar ranar aka yi mana rasuwar.

Ya shigo kicin da ƙasa a hannu, ya tsaya gaban taga. Kofin Sumaiya na nan inda ta ajiye shi, rana na dukansa, ɗakin da ɗumi. Ta ma rubuta INNA a jikinsa tun ranar. Ya ɗauka ya daɗe yana kallon ƙasar ciki.

"Ƙwaya nawa kika ce in ba ki?"

"Uku," in ji Sumaiya.

Ya zaro kallabin daga aljihu, ya warware bakinsa, ya bi kowane lanƙwasa da yatsa. Ya sake karkaɗe shi a kan tafinsa, babu abin da ya faɗo.