Ramin Citta a Ƙarƙashin Ɗakin Inna

Kwana tara hayaƙi bai tashi daga gidan su Chun-bae ba.

Shi bai ƙirga ba. Maƙwabciyarsu Gwaggo Mal-sun ce ta ƙirga, daga tagar ɗakinta.

Ranar da aka ɗauki mahaifiyarsa zuwa asibiti a Jeonju da karayar ƙugu, abu ɗaya ta ce masa kafin a rufe ƙofar motar: "Ka riƙa hura murhu. Safe da yamma." Ya ce to. Ya ɗauka tausayinsa take ji, kada sanyin garinsu Bongdong ya kama shi. Shekara ashirin da biyu da ya yi a birnin Incheon sun saba masa da bargon lantarki. Ya jona abinsa ya kwanta, yana cin taliyar kwali, yana kallon dusar ƙanƙara tana sauka kan randunan miya a tsakar gida. Kwanakin suka narke cikin juna. Wani lokaci bai san ko barci yake ba ko tunani.

A hantsin rana ta goma ƙofa ta buɗe ba sallama.

"Kai, ɗan birni! Ka mutu ne ko kana nan?"

"Ina nan, Gwaggo."

"To gidan ne ya mutu." Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗora tafin hannu a daɓen ɗakin, ta janye kamar ta taɓa maciji. "Ƙanƙara. Uwarka ba ta ce ka hura wuta ba?"

"Ba na jin sanyi. Ina da bargo."

"Bargo." Ta dube shi tun daga kai har ƙafa. "Ita ma cittar ka saya mata bargon?"

Sai a lokacin abin ya dawo masa. Zafin murhun kicin yana bi ta ƙarƙashin daɓe ya gasa duwatsu, duwatsun kuma su ɗumama ramin da ke ƙasansu. A ramin nan cittar iri take kwana duk tsawon hunturu. Ba don shi aka ce ya hura wuta ba.

Kuma ba cittar kasuwa ba ce. 'Yar ƙanana ce, mai yaji, wadda kakarsa ta shigo da ita gidan a ƙullin zane ranar aurenta. Kowace bazara a shuka, kowace kaka a tona, a mayar da iri rami. Idan ta mutu a can ƙasa, babu inda za a sayo wata.

Ya ɗage katakon baranda, bakin ramin ya bayyana, baƙi wuluk. Ya zura ƙafa ɗaya kan tsani, Gwaggo ta finciko wuyan rigarsa.

"Mahaukaci! So kake uwarka ta dawo ta tarar da gawa biyu? Ina kyandir?"

Suka ɗaura kyandir a gwangwani, suka zura da igiya. Harshen wutar ya yi ƙasa, ya ƙanƙance, ya koma shuɗi, ya mutu.

"Wani abu ya shanye iskar," in ji ta. "Ko mai rai ne yake numfashi, ko ruɓa ce. Ɗauko faifai ka yi ta fifita."

Ya yi ta fifita ramin har kafaɗunsa suka yi tsami. A karo na uku kyandir ya kai ƙasa da ransa.

Ya sauka. Rabonsa da ramin tun yana ɗan shekara takwas. A tunaninsa wuri ne mai ɗumi kamar cikin bakin saniya, inda muryar mahaifinsa take fitowa daga bango. Yanzu bangon sanyi ƙalau. Amma ƙanshin na nan, jar ƙasa da yaji, ya shige masa hanci har ya ji kamar wani na tsaye a bayansa yana jiran ya matsa.

Cittar tana jibge, an lulluɓe ta da ƙasa hawa-hawa. Ya tona ta kusa da tsani. Ya matsa da babban yatsa, yatsan ya nutse. Ruwa ya fito. Ya ɗauki wata, haka. Wata kuma, haka. Ya ci gaba da rarrafe yana tonawa, yana shiga ciki, inuwarsa tana lilo a kan bango, har ya kai lungun da ke daidai ƙarƙashin murhu. Ya jingina kunci da bangon. Ɗumi ne, kaɗan, kamar na matashin kai da aka tashi daga kansa tun ɗazu.

Ya zaro guda. Ta yi kama da hannun jariri a dunƙule. Ya karya.

Ƙas!

Cikinta rawaya, da zare-zare. Ya ɗora a harshe, idonsa ya kawo ruwa. Ya zauna a ƙasa riƙe da ita, bai san iya daɗewar da ya yi ba.

"Chun-bae! In ka mutu ka faɗa min, ina da wake a kan wuta!"

Ranar nan murhu ya ci itace. Cittar da ta ruɓe ya kwashe ta can bayan gona, don Gwaggo ta ce ruɓaɓɓiyar citta ba a yanke mata gefe a ci saura. Wadda sanyi ya taɓa amma ba ta lalace ba, ba za ta ƙara kwana uku ba, sai tukunya. Ya kankare bayanta da cokali kamar yadda Inna take yi, ya yanka siri-siri, ya tafasa da busasshiyar magarya har ruwan ya yi ja. Tururi ya cika kicin. Ya daina ganin hannunsa.

Washegari ya kai wa Inna asibiti a filas. Ta rame. Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta shaƙa, ta kurɓa, ta bar shi a baki kafin ta haɗiye.

"Wannan ta sha sanyi," ta ce. "Daga bakin rami ka ɗebo."

"E, Inna."

"Kwana nawa?"

"Tara."

Ta juya fuska wajen taga. Ya tsaya yana kallon takalminsa.

"Ta lungun murhu fa?"

"Da ƙarfinta. Na karya ɗaya na gani. Za ta cika kwando."

Ta lumshe ido. Ya ɗauka barci ya ɗauke ta.

"Kwando," ta ce a hankali. "Kakarka da abin da bai cika tafi biyu ba ta fara." Ta sake kurɓa. "Magaryar ta yi yawa. To yanzu wa ke gaban murhu?"

"Gwaggo Mal-sun."

Idon ya buɗe tar.

"Mal-sun? Matar da ke ƙona ruwan zafi? Tashi ka tafi, kafin ta gasa min sauran. Itace uku da safe, uku da yamma. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya ɗauki hularsa.

"Bar min filas ɗin," ta ce.

A motar komawa ya jingina goshi da gilashi. Gonaki farare suna wucewa, babu kowa a cikinsu. Yatsunsa har yanzu suna ƙanshin citta. Da motar ta hau gadar kogi ya miƙe wuya yana neman rufin gidansu, ya hango hayaƙin, ya yi kauri fiye da kima. Ya miƙe tsaye tun kafin a kai tasha.