Hocen Juma'a Goma

Mutum goma sha biyu Ikhlas ta ce wa uwarta za su zo, kuma goma sha biyu Inna Lantana ta auna wa shinkafa. Ta sa aka yanka kaji uku, aka damo fura, aka share tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa.

Ikhlas ita ce autar Inna, tana koyarwa a firamaren Karakkai. Shekara biyu ke nan da ta shiga wata ƙungiyar marubuta da suke kira Zauren Tawada. Wata-wata suke zama, wannan wata Gusau, na gaba Tsafe, na gaba Bungudu. To wannan karon abin ya faɗo Bungudu, kuma gidan Inna.

Inna ba ta yi boko ba, ba ta san yadda ake riƙe biro ba, amma duk wanda ya yi wa ɗiyarta alheri tana riƙe da shi a ka. Watan jiya a Tsafe, iyalin Malam Abdulsamad, wani dattijon zauren, sun ba Ikhlas dambu da soyayyar zabuwa, har da ƙullin daddawa suka ce a kawo wa Inna. Tun ranar take jiran wannan Asabar ɗin. Mutanen Tsafe ba za su koma su ce sun zo Bungudu sun tashi da sauran wuri a ciki ba.

Da safe, tana tsaye kan tukunya, Ikhlas ta zo ta durƙusa gefenta.

"Inna, alfarma guda nake roƙo. Yau ni zan karanta labarina. In na gama, za su feɗe shi."

"Su feɗe shi? Akuya ce?"

"Haka muke cewa. Kowa zai faɗi inda ya ga kuskure. Ni kuma doka ta hana ni magana har su gama. Ba ni kaɗai ba, ko wani nawa bai da izinin kare ni."

"A cikin gidana? Su ci tuwona su zage ki, ni in yi tsaye kamar turmi?"

"Ba zagi ba ne, Inna, gyara ne. Littafi za mu buga, labari goma. An zaɓi tara, saura gurbi ɗaya, kuma jibi za a kai wa masu ɗab'i a Gusau. Bara wani ɗan zaurenmu, Faruk, ya kasa haƙuri ya mayar da magana, aka ajiye labarinsa. Har yau bai ga sunansa a takarda ba. Don Allah, Inna."

Inna ta dubi ɗiyarta. Ta san dararen da yarinyar nan ta ƙi cin abinci saboda takardun nan. Ta juya miya ta ce, "Na ji. Bakina a ɗinke."

Hantsi na ɗagawa sai ga mota ta tsaya ƙofar gida. Mutum goma sha ɗaya suka sauko, Inna ta ce alhamdulillahi. Ba ta rufe baki ba sai ga ta biyu. Ta biyu ba ta gama juyawa ba sai ga babura. Ashe jin cewa yau ake cike littafi, har waɗanda suka yi wata shida ba su leƙo zama ba sun wanko kaya sun taho. Inna ta leƙa ta bayan zana ta ƙirga takalma. Mutum ashirin da bakwai.

Ta koma ta buɗe tukunyar shinkafa ta rufe. Ko da cokalin shayi za a raba, ba za ta kai ba. Aike kasuwa a ɗora sabuwa kuma, sai la'asar.

Ta tsaya jim, sannan ta shige ɗakinta ta janyo wata tukunyar ƙasa daga bayan gado. Bakin tukunyar a liƙe yake da laka. Ta fasa. Hoce ne a ciki, na dawa, wanda ta gasa da hannunta ta yanyanka ta shanya ya bushe ƙamas. Na ajiyarta ne, wanda take ci ita kaɗai ranar da ba ta son ɗora tukunya. Ba abin da za a ba baƙo ba ne, balle baƙon da ya ba ɗiyarka zabuwa. Amma ta ɗauko. Ta yayyafa masa ruwan ɗumi ta rufe ya saki, ta daka ƙuli-ƙuli da yaji, ta yanka albasa da tumatir, ta tsiyaya man gyaɗa, ta haɗa datu faranti huɗu manya. Ta ce a ranta, wannan magana daga ita sai Allahnta.

Aka kai datun tare da shinkafa. Inna ta samu kujera ta zauna bakin madafi, inda take ganin kowa.

Shugabar zauren, Hajiya Aziza, tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati ce daga Gusau, mai gilashi da ƙaramar ƙararrawa a hannu. Ta kaɗa ta, aka yi addu'a, ta fara da labaran ƙungiya. Matar Sadiƙ ta sauka lafiya, an samu mace, suna ranar Talata a Wonaka, kuma wanda bai je ba kada ya zo da uzurin ruwan sama. Maryam ta karanta waƙarta a rediyo, sai dai ta manta ta ambaci zauren, don haka ita za ta wanke kwanoni yau. Aka yi shewa. An kai ziyara wata makaranta a 'Yandoto, yara goma sha tara sun rubuto labari, guda bakwai a cikinsu kura ce ta cinye malamin lissafi.

"Wannan ba ƙage ba ne, Hajiya, fata ne," in ji Bashiru, wani dogo mai sayar da kayan babur, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Inna ba ta yi dariya ba, idonta na kan faranti. Malam Abdulsamad, tsohon malamin makaranta mai furfura a gemu, ya ture shinkafa gefe ya janyo datu gabansa. Ya cinye, ya miƙa hannu farantin maƙwabtansa. Da wannan ya ƙare, ya yi wa Bashiru alama ya turo na can ƙarshen tabarma. Inna na jiran ya yatsine fuska. Bai yatsine ba, sai suɗe yatsu yake.

Sannan Hajiya Aziza ta ce, "Malama Ikhlas, bismillah."

Ikhlas ta miƙe da takardunta ta fara karantawa. Labarin wata mata ce da mijinta zai tafi cirani kudu, ba ta da abin ba shi sai hoce. Ta gasa ta cika masa jaka. Ya yi kwana saba'in a can, aiki bai yi kyau ba, ya dawo ba ko ɗan kunne na tsaraba. Da ya zauna sai ya zaro guntun hoce guda daga aljihun jaka, ya ce wannan ya hana kansa ci don su ci tare. Suka raba biyu, suka ci.

Inna ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran itacen da ba ya bukatar gyara. Sau ɗaya tak ta taɓa ba yarinyar nan wannan labari, shekarar da mijinta Malam Umaru ya rasu. Ashe ta adana.

Aka fara fiɗa. Maryam ta ce farkon ya yi tsawo, shafi guda ana ta kwatanta gajimare. Sadiƙ ya ce mijin ba shi da suna sai a shafi na uku. Bashiru ya ce shi dai matar ta cika haƙuri, da tasa ce da jakar za ta bi shi. Ikhlas na rubutawa, ba ta ɗago ba. Inna ta damƙe bakin zanenta. Kowace magana ji take kamar an ɗiga mata man suya, amma ta yi alkawari.

Sai Malam Abdulsamad ya gyara zama, ya goge gemu.

"Yarinyar nan ta iya zance, ban hana ta ba. Amma labarin duk a kan guntun hocen nan ya tsaya, kuma nan ne ya faɗi. Ni ɗan Tsafe ne, da hoce aka yaye ni. Hoce kwana huɗu, biyar, ya yi funfuna. Kwana saba'in? Abin da mutumin nan zai zaro daga jaka ko akuya ba ta ci. Littafin nan Zamfarawa za su karanta. Tsohuwa guda ta ji wannan, ta ce marubutan Zauren Tawada ba su san abincin garinsu ba. Ni a ganina a ajiye shi sai baɗi."

Wasu suka fara gyaɗa kai, don maganar Malam tana da nauyi a zauren. Hajiya Aziza ta ɗauki biro. Ikhlas ta ɗago ta dubi uwarta, idonta ya kawo ruwa, ta girgiza kai a hankali. Kada, Inna.

Inna ta auna abin. In ta ce labarin gaskiya ne, ta kare ɗiyarta, an ajiye labari. In ta yi shiru, an ajiye labari. Hanya ɗaya ta rage, kuma ita ce wadda za ta sa gobe a ji a Tsafe cewa Lantana ta Bungudu ta tarbi baƙi da tsohon abinci. Shekara arba'in tana tsare sunan tukunyarta.

Ta miƙe, ta ɗauki buta da kwano kamar mai kawo ruwan wanke hannu, ta zo ta durƙusa gaban Malam Abdulsamad.

"Hajiya shugaba, ni ban san karatu ba, ba ruwana da takardunku. Amma mai gida tana iya tambayar baƙonta abinci ko?"

Hajiya Aziza ta dube ta ta saman gilashi. "Tana iyawa, Inna."

"Malam, ya ka ji datun wanga?"

"Kai, Inna! Rabona da irin wannan tun kakata na da rai. Ai na so in tambaya ko da saura a ƙunsa mini."

"Faranti nawa ka ci?"

"Uku ya ci, Inna, ni shaida ne," in ji Bashiru. "Na ukun nawa ne."

"Cikinka lahiya? Ba ka jin komi?"

"Lafiya lau. Abu gashin yau da safe, me zan ji?"

Inna ta tsiyaya masa ruwa a hannu. "Ranar jajibirin Babbar Sallah na gasa shi."

Malam ya tsaya da hannu a cikin kwano. Sadiƙ ya zaro waya yana latsawa, amma Inna ta riga shi.

"Kada ka wahal da kanka, ɗana. Juma'a goma ta wuce jiya. Ku gahurce ni, goma sha biyu anka ce mini, kuka zo ashirin da bakwai. Abin da ag gare ni ke nan."

"Kwana saba'in da ɗaya," in ji Sadiƙ.

Bashiru ne ya fara faɗuwa kan tabarma. Daga nan rumfa ta ɗauka, mata na riƙe ciki, Maryam har da hawaye. "Malam, ko akuya ba ta ci!" Bashiru ke faɗi yana buga ƙasa. Malam Abdulsamad ya dubi farantin da ya suɗe tas, ya dafa cikinsa, sai shi ma dariya ta ƙwace masa har hularsa ta zame.

Hajiya Aziza ta yi ta kaɗa ƙararrawa kafin a natsu. Wani daga baya, cikin waɗanda ba su cika zuwa ba, ya ɗaga hannu ya ce to doka fa, ai uwar marubuciya ta yi magana.

"Na saurara da kunnena biyu," in ji Hajiya. "Inna ba ta ambaci labari ba, ba ta ambaci Ikhlas ba. Baƙonta ta tambaya ko ya ƙoshi. In akwai dokar da ta hana wannan, a nuna mini shafin. Malam, kana nan kan bakanka?"

Malam ya gyara hula. "Na janye rabi. Hocen da na sani ɗanye ne, shi ke funfuna. Inna, yaya kika yi da wannan?"

"Yanka shi za ka yi siriri, ya sha rana kwana uku, sai ka buga shi ka ji yana ƙara. Ka zuba a tukunyar da ba ta taɓa ganin ruwa ba, ka liƙe baki."

"To kin ji, Malama Ikhlas. Wannan ne babu a labarinki. Matar ta gasa kawai ta zuba a jaka. Ki cire gajimaren nan na shafin farko, ki sa ta tana yanka tana shanyawa tana korar kaji. Mu ga wahalar da ta sha, sannan guntun nan zai yi nauyi a hannun mijin. In kin gyara kafin jibi, ni ne farkon sa hannu."

Aka ɗaga hannuwa. Inna ta ƙirga da idonta, ashirin da shida, har da mai tambayar doka. Hajiya ta ce wa Ikhlas yanzu tana iya magana. Ikhlas ta ce, "Na gode," ta rufe fuska da takardunta.

Bayan la'asar, Maryam na wanke kwanoni tana mita, motoci na ɗumama, Inna ta fito da ƙulli a leda ta miƙa wa Malam Abdulsamad.

"Ka kai wa iyalinka. Ka ce na ga daddawa, na gode. Sauran na tukunyar ne, kada su ce ban faɗa ba."

"Inna, ai ni zan faɗa da bakina, har a kasuwar Tsafe."

"Wanga kuma ban sa ka ba."

Da gida ya yi shiru, Ikhlas ta zo da biro da takarda ta zauna kusa da uwarta, ta ce a sake faɗa mata yadda ake shanyar, daki-daki. Inna ta faɗa. Sannan ta ce, "Kuma a hular kwano babanki ya ɓoye shi, ba a aljihun jaka ba. Gyara wannan ma."