Hamadar Baba Seleke

Otsile ya riga ya zare wayoyin kwamfutar yana naɗe su a hannu lokacin da Gadifele ta turo ƙofa da kwanon kunu.

"Ina za ka kai ta?"

"Shago, Inna. Likita ya ce kwanakinsa sun ƙare. Me zai yi da ita?"

"Ka bari ya mutu tukuna mana. Yana jin ka fa."

Baba Seleke yana kwance, idonsa a kan ɗan nasa, bakinsa a karkace tun faɗuwar da ya yi. Gadifele maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba su a unguwar Galeshewe. Ita ke juya shi, ita ke wanke zanin gadonsa. Otsile kuwa jiya jiyan nan ya sauka daga Johannesburg.

Tun da tsohon ya ajiye aikin jirgin ƙasa ya kamu da wasan tuƙa jirgin sama a kwamfuta. Bai tsaya ga wasa ba, sai ya zauna yana gina nasa yaƙin a ciki: hamadar Libiya a yaƙin duniya na biyu, inda mahaifinsa ya yi dakon man jirage, aka hana shi riƙe bindiga don shi baƙi ne. A wasan Baba Seleke, kafin jirginka ya tashi sai ka ga masu dakon nan suna tura ganguna, kowa da sunansa. Kyauta yake sakar wa masu wasan, kashi bayan kashi. Na ƙarshen, wanda mahaifinsa ke ciki, ya gama shi amma bai kai ga aikawa ba.

"Wasan yara," in ji Otsile. "Uwata tana jinya shi yana harbo jirage."

"Ƙarya kake. Ina nan aka yi jinyar. Kai ne ba ka nan."

Tsohon ya ɗaga yatsa da ƙyar, ya nuna tebur. "Aika... musu."

"Ka ji ko? Cewa yake ka aika musu. Da na iya, da tuni na yi. Zauna ka yi masa, ko shayinka ba zai huce ba."

"Gobe, Baba," Otsile ya ce, bai dubi gadon ba. Ya saɓi kwamfutar ya fita.

Gadifele ta bi shi har bakin mota tana faɗa, maƙwabta suna leƙowa. Ya ja ƙofa ya tafi. Da ta dawo ta kai cokali bakin tsohon, ya kau da kai. Washegari da hantsi ya cika, fuskarsa tana kallon teburin.

Ranar Asabar aka binne shi. A coci Otsile ya tashi ya yabi uban, mutum mai haƙuri, ma'aikacin jirgin ƙasa mai riƙon amana. Ko kalma ɗaya bai yi a kan hamadar ba. 

Da aka dawo daga maƙabarta, mutane suka yi layi a ƙofar gida suna wanke hannu a baho kamar yadda al'adarsu take, Gadifele tana riƙe da tawul. A cikin layin akwai wani dattijon Bature mai sanda da ba wanda ya sani. Ya ce sunansa Labuschagne, daga Bloemfontein ya tuƙo. Bai taɓa ganin mamacin ba, amma shekara da shekaru yana tuƙa jirgi a hamadarsa ta cikin kwamfuta.

"Ya ce mana kashi na ƙarshen ya kammala," ya ce wa Otsile. "Ko za ka bari mu kwafa?"

"Mai shago ya goge komai. Har an saye ta."

"Kakanka ka goge," in ji Gadifele, ba ta rage murya ba. "Can an hana shi bindiga, nan jikansa ya hana shi suna. Ka je ka ci tuwon mutuwar, ai ka samu kuɗin nama."

 Otsile ya shige gida.

Dattijon ya jingine sandarsa, ya sunkuya ya tsoma hannuwansa a bahon. Ya daɗe a haka. Na bayansa suka tsaya suna jira, ruwan ya daina motsi.