Ƙeyar Tsohon Alƙali

Ina cikin yi wa Tsohon Alƙali aski a kan gadonsa sai ɗansa ya banko ƙofa.

"Baba, ga Ciyaman a waje da masu kyamara. Dubiya ya zo."

"Dubiya ana jibi zaɓe?" Tsohon ya yi dariyar da ta rikiɗe ta zama tari. "Ce masa ya yi sammako, ban mutu ba tukuna."

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, kuma kowa a layinmu ya san labarin. Ciyaman ya rushe rumfunan mata 'yan kasuwa, Alƙali ya yanke hukuncin a mayar musu da wurinsu. Sai majalisa ta sauya dokar, shi kuma aka yi masa ritayar dole. Yanzu hoto ɗaya Ciyaman yake nema, hannunsa cikin na tsohon, matan su ga an shirya, su ba shi ƙuri'a.

"Baba, doka ta wanke shi fa. Kuma a ofishinsa nake cin abinci."

"Da sabulun da ya haɗa da hannunsa ya yi wankan." Ya dube ni. "Mai aski, juya ni."

"Ranka ya daɗe, ban gama gemun ba."

"Wanda zan je gani bai damu da gemu ba. Juya ni bango."

Ɗan ya harare ni. "Ka tuna dai shagonka na hukuma ne."

Na tuna. Na ajiye askar, na sa hannu na juya tsohon. Ba nauyi, kamar ƙunshin wanki.

Turare ya riga Ciyaman shigowa.

"Babanmu! Abin da ya wuce ai ya wuce."

Ciyaman ya miƙa hannu, tsohon ya cusa nasa a hammata.

"Barci yake ne?"

Daga jikin bango muryar ta fito, siririya amma tas.

"Kotu ta tashi."

Wata kyamara ta haska.

Washegari da hantsi tsohon ya cika, fuskarsa na kallon bango. Kafin mako ya zagayo na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar shagona, na koma aski a gindin bishiya, kusa da wata mai tumatir, ɗaya daga cikin matan nan. A jikin lemarta ta manna hoton: hannun Ciyaman a miƙe, ƙeyar tsohon, da 'yar kumfa a bayan kunnensa wadda ban samu na goge ba.