Tsohon Direba a Tsakiyar Hawa

"Kada ka kashe ta!"

Mai aski ya riga ya kai hannu kan makullin motar. Tsohon direban, wanda tun da suka baro gida bai iya ɗaga kai ba, shi ne ya damƙe masa wuyan hannu da wani ƙarfi da ba a zaci ya rage a jikinsa ba.

"Baba, wuta fa ta kawo ja. Ba ka jin ƙauri?"

"Na ji tun kafin ka ji. Mayar da giya wurin tsayawa, ka ja birkin hannu. Bar injin ya yi ta aiki."

"To ai zafi ta ɗauka."

"Man giya ne ya ɗau zafi. In ka kashe, mai zai kwanta a ciki ya dahu. Bar shi ya zagaya ya sha iska."

Mai aski ya yi yadda aka ce, ransa a ɓace. Suna gefen kwalta ne, a tsakiyar doguwar hawan da ta raba garinsu da birnin da babban asibiti yake. Rana ta take. A bayan a-kori-kurar akwai tanki cike fal da ruwa, a gaba kuma can bayan tudu, 'yar tsohon tana tsaye a ƙofar asibiti tana jiran su.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, shekaru masu yawa. Mai aski matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse neman abinci, sai waya jefi-jefi. Tsohon direba shi ma haka, 'ya ɗaya gare shi, aure ya kai ta birni. Sana'arsa kai wa mutane ruwa a unguwannin da famfo bai isa ba, da wannan babbar mota mai canja giya da kanta, wadda yake lallaɓawa fiye da yadda yake lallaɓa jikinsa. Kullum ya dawo da yamma ba ya kashe ta nan take, sai ya bar ta tana gurnani a gindin tagar mai aski, shi kuma yana zaune a ciki kamar wanda ya manta hanyar ɗakinsa. Da farko mai aski ya sha yin tsaki, har ya taɓa leƙowa ya tambaye shi ko motar tsoron duhu take yi. Daga baya sai ya zama wannan gurnanin ne ke gaya masa lokacin ɗora ruwan shayi ya yi. Ba wata doguwar hira suke yi ba. Gaisuwa ce ta kan katanga, da aski in gashi ya taru. Amma a duk layin nan, su biyu ne kaɗai kowa ya san motsin ɗan'uwansa.

Shi ya sa yau da hantsi ya wuce motar ba ta fita ba, mai aski ya rufe shago ya tura ƙofar tsohon. Ya same shi zaune a ƙasa ya jingina da gado, takalmi ɗaya a ƙafa, ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙe masa riga. Ya kira motar asibiti, aka ce ta fita wani aiki, sai dai a jira. Ya kira 'yar, ta ce don Allah ya taho da shi ko ta halin ƙaƙa. Ya ciro makulli daga jikin ƙusa, ya rungumo tsohon ya sa a mota.

"Tanki..." in ji tsohon a lokacin, da ƙyar.

"Bar zancen tanki, Baba, ana ta rai."

Ashe cewa yake a zubar da ruwan kafin a kama hanya. Mai aski kuwa rabonsa da tuƙi tun wata 'yar ƙaramar mota da ya sayar da daɗewa. Da suka fara hawa sai ya take totur har ƙasa, motar ta riƙa ɗaukar giya tana saki, tana ɗauka tana saki, tana nishi, shi kuma gani yake sauri yake yi. Saurin nasa ne ya ajiye su a nan.

"Sauka ka buɗe famfon tanki," in ji tsohon. "Ba ta son nauyi a hawa. Ni ma da kaya nake bi da ita, amma a ƙaramin giya, a hankali."

"Ruwan mutane fa?"

"Su yi haƙuri yau."

Mai aski ya sauka. Famfon ya ƙi juyawa sai da ya naɗe shi da gefen riga, sannan ruwa ya ɓarke, ya bi gefen kwalta yana gangarawa. Ya ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Ya tsaya tsakiyar hanya yana duban sama da ƙasa, babu kowa, sai duwatsu da busasshiyar ciyawa. Can wata tirela ta ɓullo tana rarrafe da kayanta. Ya ɗaga hannu biyu, yana nuna motar, yana nuna ƙirjinsa. Direban tirelar ya girgiza kai ya nuna hawan da ke gabansa, wato in ya tsaya a nan ba zai iya tashi ba, ya wuce ya bar shi da hayaƙi. Mai aski bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwar ba, ko ranar da ya dawo daga binne matarsa ya tarar da tsakar gida wayam.

Ya koma ya leƙa ta taga. Allurar da ke nuna zafin giya tana nan a kan ja, ba ta da niyyar sauka.

"Baba, mu tafi a haka. Ko me zai faru ya faru. In ta lalace a gyara."

"In ta ƙone a kwanar can, da me za ka kai ni? Goya ni za ka yi?" Tsohon ya yi wani abu mai kama da dariya, ya ƙare da tari. "Kai da ko almakashi sai ka huta kake ɗagawa."

"Yanzu lokacin tsokana ne?"

"Buɗe bonet. Can ciki ta wajen dama akwai sandar awon mai, mai jan kai. Zaro ta ka goga a farin ƙyalle ka kawo mini."

Mai aski ya so ya yi gardama, amma ba shi da wani abin yi da ya fi wannan. Zafi ya buge shi a fuska da ya ɗaga murfin. Ya lalubo sandar, ya ƙona yatsa, ya goga ta a farin tawul ɗin da kullum yake rataye a kafaɗarsa, wanda ya fito da shi bai ma sani ba. Ya kai wa tsohon har hanci. Tsohon ya buɗe ido ya daɗe yana kallo, ya shinshina.

"Ja ne har yanzu. Ya yi duhu, amma bai koma baƙi ba. Ba ka kashe mini ita ba, maƙwabci." Ya sauke numfashi. "In an koma a juye shi, a canja matatar mai, a wanke ƙaramin lagireton da ke gaba. Ƙura ta toshe shi, ina ta cewa gobe."

"Kai za ka yi da hannunka. Ni me na sani?"



Mai aski ya shiga ya zauna, ya bar ƙofa a buɗe don iska. Injin yana aiki a hankali, kujerun suna ɗan rawa. Daga baya ana jin ruwa yana zuba. Idonsa na kan allura, kunnensa na kan numfashin da ke gefensa, wanda ke fita guntu-guntu. Haushi yake ji, na kansa, da na motar, da na wannan taurin kan da ya zaunar da su a rana. Tsoro kuma ya fi haushin yawa.

"Maƙwabci."

"Na'am, Baba."

"Akwai mataji a aljihunka?"

"Mataji kuma?"

"Na kwana biyu ban zo wurinka ba. In yarinyar nan ta gan ni haka buzu-buzu, za ta ce ba mai kula da ni. Sai ta hana kanta barci."

Mataji ba ya rabuwa da aljihun mai aski. Ya matso, ya tallafo haɓar tsohon da hannun hagu kamar yadda ya saba a shago, ya fara taje farin gemun daga ƙasa zuwa sama, sannan ya kwantar da shi. Ya gyara gashin baki. Ya share masa gumin goshi da gefen tawul ɗin da mai bai taɓa ba. Wannan aikin dai ya san shi.

"A rage gefe ko a bar shi?" ya tambaya, don kawai ya ji murya.

"Bar shi... ya yi."

Ya ci gaba da tajewa, ko da babu sauran abin tajewa. Bai san daidai lokacin da haɓar ta yi nauyi a tafin hannunsa ba. Ya kira shi, ya sake kira. Ya kara kunne a ƙirjinsa, bai ji komai ba sai rawar injin da ke ratsa jikin mutum. Ya yi salati a hankali, ya shafe masa idanu, ya gyara masa zama, ya ja bel ya ɗaure shi don kada ya zame.

Da ya ɗago, allura ta sauka tsakiya, jar wutar ta mutu.

Ya fita ya rufe bonet. Ruwan tankin ya ƙare, sai ɗigo. Ya dawo ya ja giya zuwa ƙarami, ya saki birki, ya taka totur kaɗan-kaɗan. Motar ta ɗauki hawan ba nishi ba gardama, kwana bayan kwana, har suka kai ƙoli, rufin gidajen birni suka bayyana can ƙasa cikin hasken rana.

A nan sabis ya dawo. Waya ta hau ruri a aljihunsa, ya ɗauka bai tsaya ba.

"Kawu, kuna ina? Tun ɗazu nake nema ba ta shiga!"

"Muna tafe, 'yata. Mun hau tudu."

"Alhamdu lillahi. Yaya jikin nasa? Ba shi in ji muryarsa."

Mai aski ya juya ya dubi tsohon da ke ɗaure a kujera.

"Ko ba ya iya magana? To kara masa a kunne, Kawu, zai ji ni."

Ya miƙa hannu ya kara wayar a kunnen tsohon, ɗaya hannun a kan sitiyari. Muryarta tana fitowa siririya, tana gaya wa babanta ta samo masa gado kusa da taga, ta kawo masa bargo daga gida, in an sallame shi wurinta zai zauna, ba zai sake komawa ɗakin nan shi kaɗai ba. Motar tana gangarawa a hankali. Iska tana shigowa ta taga tana kaɗa farin gemun da aka taje.